3.4 Zaɓen Aikatau na Ingilishi Wajen Zancen Neman Aiki

A wannan sashe za a duba wata jimla da ake yawan ji a bakin matasan Ƙaraye da Rogo waɗanda suka gama sakandare, wato "I am finding job", alhali kuwa nufinsu shi ne suna neman aiki. Malamai da dama sukan ɗora laifin a kan katsalandan ɗin harshen uwa, bisa ra'ayin Lado (1957) cewa ɗalibi yakan kwaso ɗabi'un harshensa ya zuba a cikin baƙon harshe. A ganin wannan nazari, ra'ayin bai zauna daidai ba a nan.

Dalili kuwa shi ne, Hausa ta raba aikatau biyu rabuwa ta sosai. "Nema" yana nuna ƙoƙarin da ake ciki, "samu" kuma yana nuna an kai ga biyan bukata. Bahaushen da ya ce ya nemi aiki a madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka kammala a 1992, bai ce ya samu ba. Haka abin yake a Ingilishi: "look for" shi ne nema, "find" da "get" su ne samu. Ashe ke nan da Hausa ce ke jan ɗalibi, da ba ta kai shi ga wannan kuskure ba. Inda ya fi dacewa a duba shi ne Turancin Buroka, domin a cikinsa "I dey find work" na nufin ina neman aiki, kuma shi ne Turancin da matasa masu zuwa cin rani ke ji a tasha da kasuwa.

Inda za a iya kama Hausa da hannu shi ne wajen kalmar "aiki", wadda ta haɗe "work" da "job", ga shi kuma Hausa ba ta da takwarar ƙaramar kalmar nan "a". Shi ya sa ake jin "a work", ko "job" tsurarta.

Akwai kuma "seek", wanda ake so a takardar neman aiki. Shi ba ya bukatar "for" a bayansa, amma ɗalibai sukan liƙa masa ita saboda kwaikwayon "look for" da "apply for". Wannan ma kuskure ne da ya tsiro daga cikin Ingilishin kansa.