Tashe da Cin Zarafi a Intanet: Ɗan Nazari

Koyar da hali ta hanyar wasa tsohon abu ne a wurin Hausawa. Wasan Marafa na Abubakar Tunau (1949) da Zamanin Nan Namu na Shu'aibu Maƙarfi (1959) duk don gyaran hali aka yi su, tashe kuwa ya girme su nesa. Saboda haka ba laifi malamin da ke koyar da 'ya'yan leburorin Bompai, a Dakata ko Gama cikin Nassarawa, ya nemi taimakon tashe wajen nuna wa yara irin cin zarafin da ake yi ta waya: zagi, da ƙage, da tonon silili da hoto, da sojan gona da sunan wani, da korar yaro daga zauren WhatsApp.

Amma fa a lura. Tashe da kansa a kan ba'a aka gina shi. Nalako, sarkin gwagwaren Kano, kama gwauro yake yi ya zaga gari da shi ana dariya. Abin da ya rage masa ɗaci shi ne iyaka: an san mai yi, an san watan azumi ne, da salla kuwa an gama. Ba'ar Facebook da TikTok ba ta da ko ɗaya daga cikin ukun nan. Malamin da ya kwaikwayi tashe yadda yake, watau ya tsayar da yaro guda ana yi masa dariya, lalle ya koyar da cutar da ya zo magani.

Abin da ya fi dacewa a juya wasan kan 'yan kallo. A rubuta ƙage kan wani mutum na tatsuniya, kowane yaro ya kwafa ya miƙa wa biyu, sa'an nan a ce wanda ya fara ya tattaro takardun duka. Ba zai iya ba. Nan ne yaro zai gane cewa mai turawa abokin laifin mai ƙagawa ne.

Dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka gyara a 2024, tana hukunta mai laifi bayan ɓarna ta auku. Aikin malami kafin nan yake, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.