Malam Ya Tafi Nema, Malama Ta Tafi Yawo?

Yau ƙorafi gare ni, kuma da mu Zazzagawa na cikin ganuwa nake, don kada wani ya ce na tsallake gida na taɓa baƙo. Mudu biyu muke awo da su idan maganar zuwa koyarwa ƙasar waje ta taso. In malam ne ya samu, sai ki ji ana Allah ya sa alheri, ya tafi neman abin rufin asiri. In malama ce, tun ba ta ɗauko fasfo ba an gama yi da ita daga Ƙofar Doka har Ƙofar Gayan, wai ta zubar da 'ya'ya ta tafi yawon duniya.

Fitar malamai ba yau aka fara ba a garin nan. Tun da aka shigo da tsarin SAP a 1986 Naira ta karye, malaman Jami'ar Ahmadu Bello suka rinƙa sulalewa, wasu Saudiyya, wasu Ingila da Amurka. A 1987 gwamnatin Babangida ta kafa shirin TAC mai tura malamai da likitoci da ma'aikatan jinya ƙasashe irin su Gambiya da Saliyo da Uganda da Jamaika, su yi shekara biyu su dawo. Kwanan baya kuma aka yi yajin aikin malaman jami'a na wata 8 a 2022, ga dala da ke wajen Naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024. A 2023 ɗin ne Ingila ta buɗe wa malaman Nijeriya masu lissafi da kimiyya da harsuna ƙofar neman shaidar koyarwa a makarantunta. To wa zai ga laifin mai tafiya? Ni dai ban gani ba. Malamar makaranta ce ni, na san yadda albashi yake ƙarewa tun wata bai raba ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ba a tambayar namiji komai. Zai tashi da dare ɗaya ya ce takarda ta fito, ya kwashi matarsa da yara ya kai gidan iyayensa a cikin gari, a ba ta ɗaki ɗaya kusa da na uwar miji. Ba a ce mata ga ranar dawowa ba, ba a ce ga abin cefane duk wata ba. Kuɗin ma in ya aiko, ta hannun ƙaninsa suke biyowa, mace da 'ya'yanta huɗu sai ta aika yaro wajen ƙanin miji roƙon kuɗin omo. Yaro ya yi zazzaɓi cikin dare ita ce, makaranta ta kira iyaye ita ce, saurayin gida ya fara bin abokan banza ita ce. Ranar da malam ya dawo ya tarar yaron ya lalace, wa za a zaga? Ita dai. Alhali shi can yana gyara 'ya'yan wasu da jan biro.

Kada ki ce mugunta ce zalla, domin akwai inda hannunsa yake a ɗaure. Saudiyya ta sa wa baƙin ma'aikata harajin iyali a 2017, riyal 100 kowane wata a kan kowane mutum, ya hau har 400 a 2020. Mai mata da 'ya'ya biyar ke nan riyal 2,400 duk wata, ban da haya da kuɗin makaranta. Ingila kuwa mace ɗaya dokarta ta sani wajen ba da biza, saboda haka mai mata biyu dole ya zaɓa, kuma ke ma kin san wadda aka fi zaɓa. Duk wannan gaskiya ne. Amma ai shi ya sa ya kamata a zauna da matar a yi lissafin a gabanta, ba wai ta ji labari a bakin faccala ba.

Masu cewa addini ne ya hana mace ya ƙyale namiji, ina so su tuna labarin Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda. Da ya ji wata mata tana kukan kewar mijinta da ke wurin yaƙi, 'yarsa Hafsa ya tambaya iya tsawon haƙurin mace, daga nan ya iyakance zaman mayaƙa, wata ruwaya ta ce wata huɗu, wata ta ce shida. Jihadi fa ke nan. To ina ga mai kwantiragin shekara biyu da ya sabunta sau uku, yana leƙo gida sau ɗaya a shekara kamar baƙon Sallah? Ban taɓa jin an tsare irin wannan a zaure an yi masa faɗa ba. Laifi tudu ne, mun taka namu muna hango na malama.

Ita kuwa malamar, ban ce ta ɗauki jaka ta kama hanya don ta ji ƙamshin dala ba. Na san wata a unguwarmu da ta yi shekara biyu tana koyarwa a waje, ta bar yarinya da ba ta daɗe da yaye ba a hannun kakarta. Ta dawo da kuɗin da ya gina musu gida, amma yarinyar ta yi watanni tana ɓuya a bayan zanen kaka in ta gan ta, tana kiran ta Anti. Waya mai hoto tana rage kewa, sai dai ba ta goyo, ba ta tsefe kai, ba ta gane yaron da ya yi shiru saboda an cuce shi a makaranta. Wannan asara ce ta gaske, kuma duk wanda ya ce miki babu ita yaudarar ki yake yi. Abin da nake ja a kai shi ne, irin wannan asarar tana nan in uba ne ya tafi, mu ne dai ba ma ƙirga ta.

Magabatanmu sun fi mu dabara a nan. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da ta tsara 'Yan Taru ba ta ce mace ba ta tafiya don ilimi ba. Jajis ɗinta dattawan mata ne da suka gama raino, su ke tafiya tsakanin ƙauyuka da wurinta tare da ƙananan 'yan mata, su karɓo karatu su kai wa matan da ke cikin kulle. Wato lokaci aka duba da halin gida. Mace mai goyo daban, wadda autanta ya shiga sakandare daban. Mu kuwa mun haɗa su mun yanke hukunci ɗaya.

Littattafanmu na soyayya ma ba su taimaka ba. Kullum jarumin ya sauko daga jirgi da kwat da jakar hannu, yarinya ta yi ta murmushi a filin jirgin Malam Aminu Kano. Ina labarin wadda ta yi shekara uku tana kwana da yara a ɗaki ɗaya tana jiran wannan jirgin? Marubutanmu mata, ga fili nan ba kowa a ciki.

Ke budurwa da malami ke nema, tambaye shi tun yana zuwa zance: in ka samu waje, da ni za ka ko bari na za ka yi? In bari na za ka yi, a gidan wa, har wata nawa, kuma kuɗi a hannun wa? In ke ce mai takardar NCE ko digiri, ki ƙara da cewa, ranar da ni na samu fa? Ki sa waliyyinki ya ji amsar da kunnensa kafin a sa rana. Wata ɗalibata ta yi wa manemin ta wannan tambaya ta ƙarshe bara, ya yi dariya ya ce ai ba a taɓa yi ba a gidansu. Har yau iyayenta ba su karɓi kuɗin gaisuwarsa ba.