Aro da Sata: Darasin Magana Jari Ce ga Mujallun Ilmi

Tun da aka buga littattafai uku na Magana Jari Ce a Zariya tsakanin 1937 da 1939, ba a yi wani littafin hira na Hausa da ya sha gabansa ba. Amma kuma manazarta sun daɗe da gane cewa da yawa daga labarun da ke cikinsa ba a ƙasar Hausa aka haife su ba. Akun nan mai ba da labari dare bayan dare asalinsa daga wani tsohon littafin Indiya ne. Labarin Kamaruzzaman daga Alfu Laila ya fito. Kalala da Kalalatu kuwa tatsuniyar Jamus ce ta 'yan'uwan nan Grimm, inda kuku ce ta cinye kajin baƙo. Alhaji Abubakar Imam ya mai da ita matar gida. Shi kansa Imam bai ɓoye ba, ya faɗi a tarihin rayuwarsa cewa Dokta East ne ya tara masa littattafan da ya yi aiki da su.

To, wannan sata ce? Ba sata ba ce. Mai hira labari ya yi alkawari, bai ce shi ya ƙage shi ba, kuma abin da ya sa ake karanta Imam har yau Hausarsa ce, wadda ba a aro ta daga kowa ba. Inda za a ga laifi shi ne wajen maɗaba'a, da ba ta sa ko shafi guda a ƙarshe mai nuna tushen kowane labari ba. Rashin wannan shafi ya sa masu bincike na baya suka yi shekaru suna tono abin da an san shi sarai a ofis tun 1936.

Abin damuwa shi ne yadda waɗansu ke fakewa da Imam su yi a maƙala abin da ya yi a hira. Maƙala kuwa da'awa ce: mai ita yana cewa ga abin da ya gano. In ya fassara babin wani daga Ingilishi ya sa sunansa, ya yi ƙarya, ko da Hausar ta yi daɗi. Kuma kada a ce wannan ƙa'ida baƙuwa ce. Malaman jihadi in sun ciro zance sukan faɗi mai shi da littafinsa, sa'an nan su rubuta "intaha" inda ya ƙare. Abdullahi na Gwandu littafi guda ya yi, watau Ida'un Nusukhi, don lissafa waɗanda ya ɗauki karatu a wurinsu. Waƙar Tabbat Haƙiƙa kuma an san Shehu ya yi ta da Fillanci, Nana Asma'u ta mai da ita Hausa, Isa ya yi mata tahamisi. Hannu uku, kowane da sunansa.

Yanzu editoci sun dogara ga manhajar kwamfuta irin su Turnitin. Tana da amfani, amma fa jerin kalmomi ta ke gwadawa da abin da ke rumbunta. Ba kasafai ta ke kama fassara ba. Kundin da ke ajiye a kan kanta, ba a taɓa sa shi a intanet ba, ba ta san da shi ba. Mai ilmin harshe zai ƙara da cewa sauyin kari kaɗai na iya ruɗa ta: a mai da "ya tafi" ya koma "yat tahi", ma'ana ba ta motsa ba, amma haruffa sun sāke. Saboda haka mai tace maƙala wanda ya karanta fannin ƙwarai ya fi ta gani, in an ba shi lokaci, in kuma mujalla na da ƙarfin halin janye abin da ta riga ta buga da sanarwa a fili.

Akwai kuma satar da babu injin da zai gane ta. Mai bincike ya je Furfuri ko Tsafe, wani dattijo ya ba shi tarihin gari ko baitocin wani makaɗin Zamfara, ya dawo Gusau ya rubuta "bincike ya nuna". Dattijon ba zai ga mujallar ba, balle ya kai ƙara. Ya kamata edita ya ƙi karɓar irin wannan sai an rubuta sunan mai bayanin in ya yarda, da garinsa, da ranar da aka yi hirar.