Mai ruwan sama ta tafi Amurka: sake karatun X-Men daga Dakoro

Duk wanda ya yi lakwal a shekarun 1970 da 1980 ya san ƙananan littattafan labarin zane da ƴan makaranta ke kira bandesine. A ƙasa ake baje su a bakin kasuwar Maraɗi, kuma kafin ɗaya ya iso Dakoro ya bi ta hannu goma, bangonsa ya tafi. Akasarin yara sun fi sanin Zembla da Akim da Blek, amma akwai wani jeri da ya fi su nauyi, wato labaran ƙungiyar X-Men da kamfanin Lug na birnin Lyon ya riƙa fassarawa zuwa Faransanci a mujallar Spécial Strange. Kwanan baya wani ɗauri na waɗannan mujallu ya faɗo hannuna daga akwatin wani tsohon malami, na sake karanta su da idon manya.

Stan Lee da Jack Kirby ne suka ƙirƙiro X-Men a 1963, matasa biyar farar fata ƴan Amurka masu baiwar da aka haife su da ita. Kasuwarsu ba ta yi kyau ba, aka daina sabbin labarai a 1970. A 1975 Len Wein da mai zane Dave Cockrum suka farfaɗo da ƙungiyar da sabbin fuskoki: Diablo Bajamushe, Colossus ɗan manoman Rasha, Serval ɗan Kanada, Épervier ɗan ƙabilar Apache, da Tornade, wadda aka ɗauko daga Kenya. Daga lamba ta 94 Chris Claremont ya karɓi alƙalami, bai ajiye ba sai 1991. John Byrne ya yi zane daga lamba ta 108 zuwa ta 143, kuma wannan tsakani shi ne ƙashin bayan jerin.

Abin yabo na farko shi ne yadda aka gina ƙungiya. Jaruman rubutaccen adabinmu na farko, irin su Ganɗoki da Iliya Ɗan Maiƙarfi, kowane shi kaɗai yake cin yaƙi, sauran mutane ƴan rakiya ne. A nan kuwa babu wanda ya isa shi kaɗai. Serval yana da ƙarfi amma ba ya jin magana, Cyclope yana da tsari amma ba shi da sakin fuska, Diablo mai suffar aljani shi ne ya fi kowa taushin zuciya. Suna faɗa da juna, suna shiryawa, kuma kuskure yana da farashi: tun a lamba ta 95 Épervier ya mutu. Haka a lamba ta 137, a 1980, Jean Grey ta rasa ranta bayan ƙarfinta ya rinjaye ta har ta hallaka wata duniya da mazaunanta. Wanda ya san gayya, ko ya ji tatsuniyoyin gwanayen da kowa ya kawo baiwarsa aka ceci gimbiya, ba zai ga baƙon abu a wannan tsari ba. A yanki irin namu, inda manomi Bahaushe da makiyayi Bafillace da Buzu ke shan rijiya ɗaya, labarin mabambantan mutane da tilas ta haɗa su aiki yana da abin cewa.

Amma inda gizo ke saƙar shi ne Tornade, wadda sunanta na yanka Ororo. A fitowarta ta farko an nuna ta a Kenya, mutanen karkara sun taru gabanta suna roƙon ruwa, suna yi mata alkawarin yanka dabbobi, don sun ɗauke ta abar bauta. Ta kira hadari, ruwa ya sauka. Sai Farfesa Xavier ya bayyana a keken guragu, ya shaida mata cewa ita mutum ce mai baiwa, kuma duniya na bukatarta. Nan take ta bi shi. A tuna shekarar: 1975. Farin 1973 da 1974 bai daɗe da share garkunan kwarin Tarka ba, kuma yana cikin dalilan da sojoji suka kafa lokacin da suka kifar da Diori Hamani ranar 15 ga Afrilu 1974. Ga wadda ke da ikon saukar da ruwa, an ɗauke ta daga ƙasar da ke ƙishi an kai ta New York ta yi faɗa da mugaye, kuma ba a ɓata ko shafi ɗaya ana tambayar abin da ya sami gonakin da ta bari ba. A wurin marubutan, “duniya” tana farawa ne daga inda Xavier yake zaune. Mutanen Afirka kuwa taro ne marar suna, aikinsu durƙuso.

Adalci ya sa a ce Claremont ya yi ƙoƙarin gyara. A lamba ta 102 ya ba ta tarihi: uwa ƴar sarauta daga Kenya, uba Baƙar fatar Amurka mai ɗaukar hoto, maraici a Alƙahira bayan gini ya rufta wa iyayenta lokacin yaƙi, yarinta cikin sane a tituna, da tsoron matsattsen wuri da ya bi ta har girma. Daga lamba ta 139 ita ce shugabar ƙungiyar, mace baƙar fata tana ba maza umurni, abin da ba a saba gani ba a irin waɗannan littattafai a lokacin. Duk da haka, Afirkar da ta fito ba ta taɓa zama wuri mai kasuwa da makaranta da alƙali ba.

Akwai kuma hannun mai fassara. Dokar Faransa ta 16 ga Yuli 1949 kan littattafan yara ta sa kamfanin Lug goge wasu makamai da alamun duka daga zane, bayan an tilasta masa rufe Fantask a 1969 da Marvel a 1971. Ke nan abin da ya iso mana ya bi ta matata biyu, ta Amurka da ta Faransa.

To, a ba yara su karanta? Ina ganin a ba su, amma malami ya zauna kusa. Shafin roƙon ruwan nan kaɗai ya isa darasin yini guda: a nuna wa ɗalibai, a tambaye su wa ke magana, wa aka hana magana, sannan a ce su zana shafin da ya ɓace, wato ranar da mutanen ƙauyen suka wayi gari mai ruwansu ta tafi. Ƙungiyoyin raya al'adu ma suna iya shirya gasa a kan haka cikin Hausa da Fulfulde da Tamashek. Yaran da kakanninsu suka ga 1974 da 1984 suna da wanda za su tambaya a gida yadda wannan safiya take.