Duwatsun da Alƙalami Ya Kafa: Sharhi a Kan Taswirar Tolkien

Daga cikin al'adun da marubutan ƙagaggun labarai na Turawa suka riƙa har ta zame musu jiki, akwai liƙa taswira a littafi, musamman idan labarin ya gudana ne a wata duniya da marubucin ya ƙaga da kansa. Mai karatu zai ga teku a gefe guda, ga koguna, ga dazuzzuka, sa'an nan ga jerin duwatsu an zana su ɗaya bayan ɗaya kamar kunyoyin gona. Wanda ya fi kowa alhakin yaɗuwar wannan al'ada shi ne J. R. R. Tolkien, malamin jami'ar Oksfod ta Ingila, wanda ya wallafa The Hobbit a 1937, ya biyo da The Lord of the Rings cikin juzu'i uku a 1954 da 1955. A kan duwatsun taswirarsa wannan sharhi zai tsaya, domin su ne aka fi kwaikwayo, kuma su ne aka fi suka.

Taswirar da ta fito a juzu'in farko ɗansa Christopher ne ya zana ta da tawada baƙa da ja, daga wata tsohuwar taswirar aiki ta mahaifin, wadda ya yi shekaru yana gogewa yana liƙa mata sababbin takardu. Duk wanda ya ƙura mata ido zai lura da wani abu. Koguna da gaɓar teku an zana su kamar yadda shaho zai gan su daga sama, su kuwa duwatsu an zana su ne daga gefe, kowane da ƙololuwarsa da 'yar inuwarsa, wato kamar yadda matafiyi a ƙasa zai hango su. Wannan salo tsoho ne ƙwarai, masu taswirar Turai sun yi ƙarnoni suna amfani da shi kafin su koma ga layukan nan masu zagaye da ke nuna tsayin ƙasa. Ba kuwa rashin sani ya sa su Tolkien suka zaɓe shi ba, domin uban ya koyi karatun taswirar soja lokacin da ya yi aikin sigina a Yaƙin Duniya na Farko, kuma taswirar juzu'i na uku da layukan zamani aka yi ta. Amma a tambayi masu karatu wace taswira suka riƙe a ka, za a tarar ta farkon ce.

Sukar da aka fi yi wa duwatsun nan daga masana ilmin ƙasa take fitowa. Wadda ta fi yin amo ita ce wata maƙala ta Alex Acks da aka buga a Amurka a 2017. Ƙorafinta shi ne duwatsu ba sa yin kusurwa irin ta ɗaki. Jerin duwatsu yana tasowa ne galibi a inda manyan faranten ɓawon duniya suka yi karo, kamar yadda Himalaya ta taso bayan Indiya ta tunkuyi Asiya kimanin shekara miliyan 50 da suka wuce, don haka sukan miƙe ne ko su yi baka. A taswirar Tolkien kuwa, Duwatsun Hazo sun gangaro daga arewa zuwa kudu, Fararen Duwatsu sun gitta daga yamma zuwa gabas, ita kuma ƙasar Mordor an yi mata katanga ta fuska uku, da kusurwoyi tsaf kamar magini ya ɗora igiya.

Magana ta gaskiya, masanan ba su yi ƙarya ba. Masu kare Tolkien sukan ce ai ilmin faranten nan bai samu karɓuwa ba sai bayan 1960, ko su nuna duwatsun Karfatiya na Romaniya da suka yi gwiwa. Ni dai wannan kariya ba ta gamsar da ni ba, domin ta yarda ke nan cewa da ma'aunin ilmin ƙasa za a auna taswirar. Shi marubucin ya riga ya faɗi asalin duwatsunsa. A cikin The Silmarillion, wanda aka buga a 1977 bayan rasuwarsa, an nuna cewa wani mugun iko mai suna Melkor ne ya ta da Duwatsun Hazo da gangan domin ya tare wa wani abokin gabarsa hanya. Tun asalinsu ke nan shinge ne, kuma tambayar da ta dace a yi wa shinge ita ce ko ya tare abin da aka kafa shi ya tare.

A nan ne gwanintar Tolkien ta fito. Ayarin mutum tara da suka ɗauko zoben nan dole su ƙetare Duwatsun Hazo. Su zaga ta kudu, ta giɓin Rohan, za su faɗa hannun Saruman wanda ya ci amanarsu. Suka gwada haurawa ta mashigin Caradhras, dusar ƙanƙara ta koro su. Saura hanya ɗaya, ta ƙarƙashin dutsen, cikin ramukan Moria da kowa ke tsoro, kuma can suka rasa jagoransu Gandalf. Hausawa na cewa abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi, kuma mai karatu da ya buɗe taswira zai ga da idonsa abin da ya koro su. Ba zai ce marubuci ne ya tura su rami don yana son faɗa da dodo ba, domin shi ma da yatsansa ya bi layin duwatsun ya rasa mafita. Haka a The Hobbit, a ƙarƙashin waɗannan duwatsu ne Bilbo ya ɓata cikin duhu har ya tsinci zoben. Jeri ɗaya na duwatsu ya ɗauki nauyin manyan al'amura biyu. Ga kuma yadda aka bayyana sanyi da faɗowar duwatsu, alama ce ta wanda ya taɓa takawa: Tolkien ya yi tafiyar ƙasa a tsaunukan Suwizalan a 1911, yana ɗan shekara 19.

Mordor kuwa ita ce inda nake ganin masu suka suna da ɗan abin kamawa, ko da yake ba ta fuskar da suka ɗauko ba. Bahaushe in ya dubi zanen ba zai sha wuyar gane shi ba: ganuwa ce da ƙofofinta. Ga babbar ƙofa a arewa maso yamma da dakaru a kanta, ga wata 'yar ɓarauniyar hanya ta Cirith Ungol inda ƙatuwar gizo-gizo ke gadi. Labarin ya ci moriyar wannan tsari sosai, domin Frodo da Sam sun isa babbar ƙofa suka ga ba ta shiguwa, shi ya sa suka miƙa wuya ga Gollum ya kai su ta ɓarauniyar. To amma hannun marubuci ya fito fili. Duwatsun Hazo suna da kwaruruka da mazauna iri-iri, da suna a harsuna daban-daban, har mutum ya ji kamar sun girmi labarin. Duwatsun Mordor kuwa da ganinsu ka san an kafa su ne saboda Sauron yana bukatar gida mai katanga.

Kada mai karatu ya ɗauka marubutan almara kaɗai ke kafa dutse don bukata. A 1798 wani mashahurin mai taswira na Ingila, James Rennell, ya zana taswirar da ta raka labarin tafiyar Mungo Park. Yana neman abin da zai bayyana inda Kogin Kwara ya samo ruwa da abin da ya hana shi gangarawa kudu zuwa teku, sai ya shimfiɗa wani dogon jerin duwatsu a Afirka ta Yamma, aka kira su Duwatsun Kong. Masu taswira suka yi ta kwafa daga juna kusan shekara ɗari, har sai da wani hafsan Faransa, Louis-Gustave Binger, ya ratsa yankin tsakanin 1887 da 1889 ya tabbatar babu su. Dutse a taswira yana da kwarjini, wanda ya gan shi ba ya tambaya. Bambancin kawai shi ne Rennell ya ce duniyar Allah yake zanawa, shi kuwa Tolkien bai yaudari kowa ba.

Abin takaicin shi ne magadansa halin masu kwafar Rennell suka ɗauka. Tun daga shekarun 1970 aka yi ta fitar da littattafai masu taswira, teku a yamma, jerin duwatsu a tsakiya, ƙasar mugu a wani lungu an kewaye ta. Zanen yakan yi kyau, har yanzu ma akwai manhajojin kwamfuta da ke jera wa mutum ƙololuwa ɗari cikin ƙiftawar ido, da inuwarsu duk a gefe guda. Sai ka karanta littafin ka tarar tauraro ya ƙetare su cikin sakin layi ɗaya, babu jakin da ya mutu, babu guzurin da ya ƙare, mutanen wancan gefe harshensu da abincinsu ɗaya da na wannan gefe. Marubuciya Diana Wynne Jones ta yi wa irin waɗannan taswirori ba'a mai daɗi a littafinta The Tough Guide to Fantasyland na 1996.

Tolkien ya rubuta wa Naomi Mitchison a 1954 cewa da taswira ya fara, sa'an nan ya sa labarin ya bi ta. Ya yi ta lissafin mil nawa mai tafiyar ƙasa zai ci a yini, da yadda wata zai kasance a kowane dare, don kada ayarin da duwatsu suka raba su saɓa wa juna a kwanan wata. Da Karen Wynn Fonstad, masaniyar taswira, ta zauna ta auna tafiye-tafiyen nan zango-zango a littafinta The Atlas of Middle-earth na 1981, ta samu abin aunawa a kusan kowane mashigi. Marubutanmu masu labaran yaƙi da aljanu, waɗanda jarumansu kan doshi Dutsen Ƙaf, in sun yi sha'awar sanya taswira, wannan lissafin ne ya kamata su fara ara kafin zanen.