Tarihin Malami Amana Ne: Duba Kan Rubutun Rayuwar Shehu Abubakar Fofana

 

'Yan'uwa, wani ɗalibi daga cikin matasanmu na Adjamé ya kawo mana rubutu da Hausa kan rayuwar marigayi Shehu Abubakar Fofana, wanda aka fi sani da Boikary Fofana, shugaban majalisar limamai ta COSIM daga 2006 har rasuwarsa ranar 17 ga Mayu 2020, cikin watan azumi. Allah Ya saka masa da alheri, domin yawancin abin da aka rubuta kan Shehun da Faransanci yake, dattawanmu na kasuwa kuwa ba su karanta shi. Mun zauna a kan rubutun, kuma ga abin da muka gani.

Na farko, "an ce" ta yi yawa. An ce Shehun ya yi mafarki kaza, an ce ya faɗi abin da zai faru kafin ya faru. To, wa ya ce? A ina ya ji? Mu al'ummar isnadi ce. Malaman hadisi ba su karɓi labari ba sai sun san bakin da ya fito. Ba mu musun karamar bayin Allah, amma ko a Sakkwato an raba aiki: Waziri Giɗaɗo ɗan Laima ya tara karamomin Shehu Usmanu cikin Raudul Jinan, Muhammadu Bello kuma ya tsara tarihin jihadi cikin Infaƙul Maisuri. Dukansu biyu sun zauna da Shehu. Marubucinmu bai taɓa zama da Fofana ba, saboda haka dole ya ambaci wanda ya ba shi labari. Almajiran Shehun suna nan da rai a Abidjan, kuɗin mota kawai ke tsakani.

Na biyu, zaɓen kalma. Bayan rikicin da ya ɓarke ranar 19 ga Satumba 2002, Shehun ya zauna a Amurka har 2006. A wani shafi rubutun ya ce "ya tsere", a wani kuma ya kwatanta zaman da Hijirar Manzon Allah. Ta farko zargi ce, ta biyu wuce gona da iri. Wani daga cikinmu ya so a bar kwatancen don girmamawa, amma mun tsaya a kan a rubuta "ya zauna a Amurka", a kawo shekarun, a kawo dalilin daga bakin wanda ya sani. Kada mu manta mu Hausawa yawancinmu baƙi ne a Kodebuwa, kuma raunin wancan lokaci bai gama warkewa ba. Kalma ɗaya da aka juya wa wani da Julanci ko Faransanci a Treichville ta isa ta ɓata zaman maƙwabtaka.

Na uku, abin da aka tsallake. An ambaci karatunsa a Masar, aka yi shiru kan aikin banki da ya yi bayan dawowarsa, sai ka ce abin kunya ne. Alhali nan darasin yake: malami ne da ya san ofis, ya yi wa ɗalibai da ma'aikata wa'azi da Faransanci a lokacin da ake ganin ɗan boko da masallaci ba su haɗa hanya. In an cire wannan, me yaranmu na makaranta za su koya daga gare shi? Kuma laƙabai bakwai kafin suna ba su ƙara wa mamaci komai. "Shehul A'imma", muƙamin da ya riƙe, ya wadatar.

Mun mayar wa marubucin da rubutunsa, ya je ya sami shaidu, ya gyara, sannan mu buga. Duk mai niyyar rubuta tarihin limamin unguwarsu ya riƙe wannan: abin da ka gani ka ce ka gani, abin da ka ji ka faɗi daga wa.

Allah Ya jiƙan Shehu Fofana da sauran malamanmu. Amin.