Sharhi a Kan "The Cuckoo's Egg": Mai Bin Sawu da Ɓarawon da Ba a Ga Fuskarsa ba

Littafin da za mu duba a wannan fitowa ba ƙagaggen labari ba ne, ko da yake duk wanda ya karanta shi zai rantse ƙagawa aka yi. Clifford Stoll, wani Ba'amurke masanin taurari, shi ya wallafa shi a 1989. Ma'anar sunan ita ce ƙwan kuku, wato tsuntsuwar nan mai saka ƙwanta a sheƙar wata domin a ƙyanƙyashe mata.

Ga yadda abin ya faro. A 1986 an sa Stoll kula da kwamfutocin ɗakin bincike na Lawrence Berkeley a jihar Kalifoniya. Sai aka ga lissafin kuɗin amfani da na'ura bai daidaita ba, akwai giɓin santi 75, ko dala ɗaya bai kai ba. Da ya bi diddigi sai ya tarar wani baƙo ne ke shigowa ta wayar tarho, ya ajiye ɗan shirinsa ta wata kafa da ke cikin manhajar GNU Emacs, na'urar kuwa ta rungume shi kamar nata, ta miƙa masa ikon mai gida. Daga nan yake tsallakawa zuwa kwamfutocin sojan Amurka. Ya gwada kimanin 450, ya shiga fiye da 30.

A nawa ganin, ƙarfin littafin yana ga haƙurin da aka nuna a ciki. Stoll bai toshe kafar ba, ya bar ɓarawo ya ci gaba da zuwa, shi kuwa yana rubuta kome a littafin aikinsa da rana da sa'a. Ya jona na'urorin buga takarda a layukan waya, ya riƙa kwana a ƙarƙashin tebur. In baƙon ya tasam ma wani abu mai haɗari, sai ya kaɗa makullansa a jikin waya, saƙo ya rikice, shi kuwa ya ɗauka layi ne ya lalace. Mai karatu zai ga mabiyin sawu ne sosai, irin wanda ke duban takun ƙafa ya faɗi inda mai ita ya dosa. Wajen wata goma aka yi ana haka, hukumar FBI tana cewa hasarar ba ta kai ta motsa ba. Sawun ya ƙetare teku har birnin Hanoba na Jamus ta Yamma, inda tsofaffin na'urorin tarho ke bukatar lokaci mai tsawo kafin a gano lamba. Domin a tsayar da shi kan layi, Stoll da budurwarsa suka ƙaga takardun ƙarya na wani shirin makamai, ɓarawo ya zauna yana kwasa. Haka aka kai ga Markus Hess a 1987, wanda shi da abokansa ke sayar wa KGB ta Tarayyar Sobiyet abin da suka samo.

Salon mai sauƙi ne, da barkwanci, har da yadda ake toya biskit an cusa a ciki. Wannan ba laifi.

To amma fa akwai inda littafin ya gaza, kuma ba ƙaramin wuri ba ne. Jigon marubucin shi ne amana: masana sun bar ƙofofinsu a buɗe domin musayar ilmi, mai kutse kuwa ya sa dole a rufe. Hujja ce mai kyau, sai dai alƙali bai ji ɗaya ɓangaren ba. Daga farkon littafi har kusan ƙarshe Hess ba mutum ba ne, haruffa ne a kan takarda. Mun san irin umurnin da yake bugawa, ba mu san abin da ya kai saurayi ga sayar da asirin wata ƙasa ba. Kuɗi ne, ko son a sani, ko rikicin Gabas da Yamma? Karl Koch, ɗaya daga cikin abokan, an tsinci gawarsa a ƙone cikin daji a 1989, amma 'yan layuka kawai ya samu. Tauraron labari shi ne ɗan sanda, shi ne mai shaida, shi ne kuma mai ba da labari. Har shari'ar da aka yi a garin Celle a 1990, inda aka jingine ɗaurin da aka yanke wa Hess bai shiga kurkuku ba, ta zo ne bayan littafi ya riga ya shiga kasuwa.